Smart Life, Home Assistant ko openHAB: wanne zaka ɗora gidanka a kai?

Duk wanda ya sa sola a gidansa yau da gobe sai wannan tunanin ya zo masa, wato ina ma ace samo, injin jan ruwan rijiyar burtsatse, zai tashi da kansa idan rana ta take batir ya cika, ina ma ace AC zai mutu da kansa da zarar NEPA sun ɗauke kafin ya shanye batir, fitilun waje su kama da magariba ba sai an aiki yaro ba. Duk wannan mai yiwuwa ne, kuma kuɗinsa bai kai yadda mutane suke zato ba. Inda ake samun matsala shine wajen zaɓen manhajar da zata riƙe ragamar gidan, saboda idan ka riga ka sayi soket goma da makunni goma na wani tsari to fita daga cikinsa sai an yi asara. Ni dai ma'aunina guda ɗaya ne kuma da shi zan auna duka ukun: ranar da babu intanet, ko ranar da kamfanin ya canza ra'ayi, gidan zai ci gaba da aiki ko kuwa?

Bari mu fara da wanda kowa yake fara cin karo da shi. Yawancin soket da ƙwan fitila masu wifi da ake sayarwa a kasuwa ko a AliExpress, ko wane suna aka manna musu a kwali, idan ka duba da manhajar Smart Life ko Tuya suke aiki. Tuya kamfanin China ne da ke birnin Hangzhou, an kafa shi a 2014, shi yake ba ɗaruruwan masana'antu ƙwaƙwalwar da suke sawa a cikin kayansu. Sai Sonoff na kamfanin ITEAD da ke Shenzhen, shi kuma da eWeLink yake tafiya. Gaskiya ba zan rage musu komai ba wajen sauƙi. Ka sayo, ka jona, ka sauke manhaja a waya, ka ba shi wifi, kafin shayinka ya huce ka fara kunna fanka daga kan gado. Ba kwamfuta, ba karatu, ba kuɗin wata, kuma ko kana Legas zaka iya kashe fitilar da aka manta a Kano. Wanda buƙatarsa soket biyu ko uku ce, misali na hita da na fitilar ƙofar gida, ni ba zan ce masa ya wahalar da kansa da wani abu ba, Smart Life ta ishe shi.

Amma ka san yadda abin yake tafiya a ɓoye. Idan ka tsara cewa in wannan sensa ta ga kaza to wancan soket ya yi kaza, yawanci ba a cikin gidanka ake yanke wannan hukuncin ba, saƙon sai ya fita ta rautarka ya je sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, a wata ƙasa sannan ya dawo, alhali na'urorin biyu ɗaki ɗaya suke. Data ta ƙare, tsarin ya tsaya. Sabis ya yi rauni, sai ka danna ka jira. Mu kuma mun san wannan ba labarin nesa bane, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni babu sabis. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har manhajojin banki suka dinga ƙin buɗewa. Gidan da ruwansa ya dogara da sabar waje a irin waɗannan ranaku sai an koma kunna komai da hannu.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan girma, ita ce kamfanin kansa. A Amurka akwai wata na'urar sarrafa kayan gida mai suna Revolv da mutane suka saya kusan dala 300, Nest ta Google ta sayi kamfanin, a watan Mayun 2016 aka kashe sabar, na'urar ta zama ba ta da amfanin komai. Wink, wani kamfanin irin waɗannan kaya, a 2020 suka wayi gari suka ce daga yanzu sai an biya dala 4.99 duk wata, ga mutanen da suka sayi kaya da sunan babu kuɗin wata. Kamfanin Insteon kuwa a watan Afrilun 2022 sabarsu ta mutu ba tare da ko sanarwa ba, sai daga baya wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka sayi kamfanin suka dawo da shi. Ba ina cewa Tuya zata rufe gobe bane, kamfani ne babba. Abin da nake cewa shine zaman haya kake yi, kayan ɗakin naka ne amma ranar da mai gida ya ƙara kuɗi ko ya ce a tashi ba ka da ta cewa.

To a nan ne maganar ka riƙe sabarka da kanka ta shigo, wato ka ajiye wata 'yar kwamfuta a gida tana kunne dare da rana, ita ce ƙwaƙwalwar, duk na'urori da ita suke magana ba da waje ba. Manhajoji biyu ne suka fi suna a wannan fage, Home Assistant da openHAB, kuma dukansu kyauta ne, lambobin da aka rubuta su da su a buɗe suke kowa zai iya dubawa ya gyara.

Home Assistant wani ɗan ƙasar Holan mai suna Paulus Schoutsen ne ya fara ta a 2013, da yaren Python. A 2018 suka kafa kamfanin Nabu Casa domin samun kuɗin biyan masu aikin, a 2024 kuma suka miƙa mallakar manhajar ga wata gidauniya mai suna Open Home Foundation a Siwizalan, wadda ba ta neman riba, don kar wata rana wani ya saye ta ya rufe. Wannan ya ƙara min natsuwa da ita sosai. Abin da ya sa ta yi wa saura nisa shine yawan na'urorin da ta sani, sun haura dubu biyu nau'in haɗi, kuma da ka kunna ta zata leƙa wifi ɗin gidan ta ce maka na ga talabijin kaza, na ga firinta kaza, in haɗa? Yawancin tsare-tsare yanzu da danne-danne ake yinsu a fuskar waya ko burauza, ba sai ka rubuta komai ba, sai in ka shiga abu mai zurfi ne zaka haɗu da fayilolin YAML, inda ake rubuta saiti da hannu.

Inda ta fi burge ni shine wajen inbata, don a nan ne mu buƙatarmu ta bambanta da ta Bature. Shi damuwarsa ɗumama ɗaki, mu damuwarmu batir ya kai mu asuba. Yawancin inbatocin da ke gidajenmu, irin su Growatt da Deye da Victron da dangin Axpert, suna da wata kafa ta RS485 ko RS232 ko USB da suke fitar da bayanai, nawa sola take kawowa, nawa gida yake ja, kashi nawa ya rage a batir, akwai wutar NEPA ko babu. 'Yar sandar wifi da ake haɗo su da ita tana tura wannan bayanin ne zuwa sabar kamfani, kai kuma ka gani a waya bayan 'yan mintoci. Amma da Home Assistant zaka iya karanta shi kai tsaye a cikin gida duk bayan 'yan daƙiƙu, ko ta waya mai juya RS485 zuwa USB, ko ta ɗan ƙaramin allo na ESP32 da aka ɗora wa manhajar ESPHome. Masu batirin litiyam da ke da JK BMS, allon da ke kula da batirin, ma ana karanta shi ta bulutut. Da zarar wannan lambar ta kashi nawa ya rage ta shigo hannunka to komai ya buɗe. Sai ka rubuta: idan ƙarfe 11 na safe ta wuce, batir ya haura kashi 90, sola tana kawo fiye da abin da gida yake ci, kuma tanki bai cika ba, a tada samo, in ya yi minti 40 ko ƙwallon tanki ya nuna ya cika a kashe. Ko kuma: idan wutar NEPA ta ɗauke da daddare a kashe AC da hita nan take, firiza kuma a bar ta sai batir ya sauko kashi 40. Wannan ba ado bane, kuɗin batir kake karewa, kowa ya san nawa ake sayen batir yanzu. Tun 2021 suka sa wani shafi na musamman na lissafin wuta wanda zai nuna maka abin da ka samu daga rana da abin da ka ja daga layi kowace rana, wanda yake Band A tun da aka kai kuɗin yunit naira 225 a Afrilun 2024 ya san amfanin wannan. Har lokutan sallah akwai haɗinsu a ciki, zaka iya cewa fitilar tsakar gida ta kama minti 20 kafin asuba.

Wata magana a gefe tunda na ambaci samo, don Allah kar ka jona famfo ko AC kai tsaye a jikin ɗan ƙaramin makunnin wifi don kawai an rubuta 10A ko 16A a kwalinsa. Motar da ke cikin famfo ko AC idan zata tashi tana jan wuta ninkin abin da take ci in tana gudu, yau da gobe bakin makunnin zai ƙone ko ya manne ya ƙi sakewa. Ka sa mai wayarin ya saka kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, shi ɗan makunnin aikinsa kawai ya tada kwantaktar. Wannan ko wace manhaja ka zaɓa haka ne.

Aibin Home Assistant kuma ba ɓoyayye bane. Duk wata suke fitar da sabon zubi, lambarsa ma shekara da wata ce kamar 2024.6, kuma kusan kowane zubi yana zuwa da jerin abubuwan da aka canza waɗanda zasu iya karya maka tsarin da yake aiki lafiya. In kana sabuntawa kullum zaka sha karatu kuma zata ci maka data ɗaruruwan megabayit, in ka share shekara baka taɓa ba ranar da ka tashi yi canje-canjen sun taru sun yi yawa. Abin da ya fi shine ka dinga jira zubin ya yi sati biyu a gari an gyara kurakuransa, ka ɗauki kwafin ajiya, sannan ka sabunta. Sannan kayan da jama'a suke rubutawa ake saukewa ta HACS, rumbun ƙarin kayan Home Assistant, wanda yawancin haɗin inbata a nan suke, ba su da tabbas, mai shi zai iya gajiya ya bari.

openHAB ta girmi Home Assistant, Kai Kreuzer ne ya fara ta a Jamus a 2010, da Java aka rubuta ta, ita ma tana da gidauniyarta tun 2016. Halinta daban ne, ba ta da gaggawa, sau biyu a shekara take fitar da babban zubi, ɗaya a tsakiyar shekara ɗaya a Disamba. Wanda yake so ya haɗa abu ya rufe akwati ya manta da shi zai ji daɗinta. Tana da tsari mai tsafta inda aka raba na'urar kanta da aikin da take yi, ma'ana in soket ɗin firiza ya lalace ka sayo na wani kamfani, sai ka sake ɗaura shi a kan sunan nan na da, duk dokokin da ka rubuta ba abin da zai taɓa su. Kuma suna da hanyar shiga daga nesa kyauta mai suna myopenHAB. Sai dai kafin ka fahimci wannan rabe-raben nasu zaka ɗan sha wuya, makon farko yana da nauyi, kuma jama'arta ba su kai na Home Assistant yawa ba ko kusa. Wannan ba ƙaramin abu bane, don ranar da inbatarka ta ƙi magana ƙarfe 11 na dare, abin da zai cece ka shine wani a Afirka ta Kudu ko Pakistan mai irin inbatarka da ya riga ya sha wannan wahalar ya rubuta yadda ya yi, kuma mafi yawan irin waɗannan mutanen Home Assistant suke amfani da ita. A YouTube ma haka abin yake. Wanda ya iya Java ko yake aikin manhaja kuma yake ƙin yawan canji, openHAB zata dace da shi. Wanda yau ya fara, ni Home Assistant zan nuna masa.

Akwai Domoticz ma, mara nauyi ce ƙwarai, ko tsohon Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, zai ɗauke ta, amma fuskarta ta tsufa kuma sababbin na'urori suna jimawa kafin su iso ta.

Yanzu a kan wace kwamfuta za a ɗora? Duk bidiyon da ka kalla Raspberry Pi zasu ce maka, kuma wajen cin wuta gaskiya babu kamarsa, Pi 4 yana zaune a wajen wat 3 zuwa 4. Amma yana da abubuwa biyu da basu dace da mu ba. Na farko memori yake amfani da shi, ita kuma Home Assistant kullum cikin rubuta tarihi take, ga wuta tana ɗaukewa ba sallama, memori ba ya jure wannan, wata rana zaka kunna ya ƙi tashi. Maganinsa ka sa masa SSD, ma'ajiyar da ta fi memori juriya, ta USB, to kaga kuɗi ya ƙaru, ga caja mai kyau, ga akwatinsa da fanka saboda zafin Afrilu, tunda yana rage gudu idan ya kai wajen digiri 80. Na biyu kuma wanda ba a cika faɗa ba, Pi 4 ba shi da agogon ciki mai batir, daga intanet yake tambayar lokaci. Wuta ta ɗauke ta dawo, sabis babu, to bai san ƙarfe nawa ba, duk tsarinka na ƙarfe kaza a yi kaza ya rikice. Pi 5 da ya fito a 2023 yana da agogon amma batirinsa daban ake saye.

Shi ya sa na fi karkata ga ƙananan kwamfutocin ofis na hannu, Lenovo ThinkCentre Tiny ko Dell OptiPlex Micro ko HP EliteDesk Mini, waɗanda ake samu a Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village. Girmansu kamar littafi mai kauri, suna zuwa da SSD, da agogo mai batir, da fanka, kuma an gina su ne don su wuni a kunne. Suna cin wajen wat 10 in suna zaune, wato wat-awa 240 a rana, kusan yunit 7 a wata. A batir mai 12V 200Ah wanda rabinsa kake iya amfani da shi, daren awa 12 zai ci maka kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan rabin, wanda tsarinsa ƙarami ne sosai ya yi wannan lissafin kafin ya saya. Abu ɗaya kar ka manta, ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta take tashi, ka saita cewa in wuta ta dawo ta tashi da kanta, in ba haka ba zata zauna a kashe tana jiran yatsanka kana can kasuwa. Ƙarin riba kuma tana da ƙarfin ɗaukar wasu abubuwan, Jellyfin don karatuttuka da bidiyon yara ba tare da data ba, Immich don hotunan iyali maimakon biyan Google, AdGuard Home don tare tallace-tallace. Akwai Home Assistant Green da suka fitar a 2023 kan dala 99, jonawa kawai ake yi, na'ura ce mai kyau, amma kafin ta iso hannunka da kuɗin jirgi da na kwastan ta wuce haka.

Su kuma soket da makunnan fa, wifi ko Zigbee, wata hanyar sadarwa mara waya da aka yi don kayan gida? Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami, su sa Home Assistant amma su cika gida da kayan Tuya na wifi. Haɗin Tuya da yake zuwa a cikin Home Assistant ta sabar Tuya yake bi, kaga ba a rabu da Bukar ba. Akwai hanyar cikin gida ta LocalTuya amma sai ka tono wani mabuɗin sirri na kowace na'ura, aiki ne. Da can ana goge ƙwaƙwalwarsu a sa Tasmota, manhajar da ba ta buƙatar sabar kamfani, yanzu da yawa sun daina zuwa da guntun ESP8266 da take hawa sun koma wani guntu daban. In dai wifi kake so to Shelly na Bulgeriya suna magana a cikin gida tun daga kwali, sai dai tsada. Sannan 'yar MiFi ko rautar da kamfanin waya ya baka ba zata ɗauki na'ura 30 ba. Zigbee ita ba ruwanta da rauta sam, ɗan dongul kake saya kamar na Sonoff ka soka a kwamfutar, ka tafiyar da shi da manhajar ZHA ko Zigbee2MQTT, kuma abin daɗin shine ko kayan Tuya masu arha in dai na Zigbee ne zasu yi aiki babu sabar kowa. Ka sa dongul ɗin a kan doguwar wayar USB nesa da jikin kwamfutar, yana rage tsangwama. Na'urorin Zigbee masu jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo, da haka suke ratsa bangon bulo, to amma ka lura, in waɗanda suke miƙa saƙon suna kan layin NEPA zalla, ana ɗaukewa sensocin ƙarshen gida zasu ɓace. Ka tabbata akwai guda biyu ko uku a kan layin inbata a tsakiyar gida. Kuma kafin ka yi odar makunnin bango ka buɗe ɗaya ka gani ko akwai wayar nutural, gidajenmu da yawa babu, akwai samfurin da ba ya buƙatarta amma shi yawanci ba ya miƙa saƙo.

Saura shiga daga nesa, wanda a nan Smart Life ta fi sauƙi ba musu. Layukan waya da Starlink yawanci ba sa baka adireshin intanet naka kai kaɗai, don haka tsohuwar dabarar buɗe ƙofa a rauta ba zata yi ba, kuma ko zata yi ban so ka buɗe gidanka ga duniya. Nabu Casa suna yi maka komai kan dala 6.50 a wata, kuɗin kuma shi yake riƙe masu aikin manhajar. Wanda biyan dala zai yi masa nauyi ya sa manhajar Tailscale a kwamfutar da wayarsa, kyauta ne ga amfanin gida kuma yana ratsa irin layukanmu, sai dai shi ma akwai sabar kamfani a tsakiya. Bambancin shine in ta faɗi kallo daga nesa kawai ka rasa, samo zai ci gaba da tashi a lokacinsa.

In ka yanke shawarar tafiya wannan hanya, kar ka fara da odar kaya cike da kwali. Ka samo kwamfutar ka ɗora Home Assistant OS, ka haɗa inbata kawai, ka yi wata guda kana kallon yadda gidan yake cin wuta, a nan zaka gane me ya kamata a fara kashewa da kunnawa. Daga nan dongul da soket biyu. Duk makunnin da zaka sa a bango ya zama wanda Hajiya da yara da baƙo zasu iya dannawa da hannu fitila ta kama ko kwamfutar tana kashe, samo ma a bar masa makunninsa na hannu kusa da kwantakta. Kwafin ajiya kuma ka saita ya dinga ɗaukar kansa duk sati, ka dinga sauke ɗaya a filasha ko a wayarka, don in SSD ta mutu da shi zaka tada sabuwar kwamfuta a yini ɗaya.